Goyon Ciki Ba Ƙaura Ba Ne

Zuwa ga Mai Girma Hakimin ƙasarmu, kuma ta hannunsa zuwa ga Bature mai kula da iyaka.

Gaisuwa mai yawa da ban girma. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya. Bayan haka, ni Malam Barau, tsohon manomi a wani ƙauye gabas da Maigatari, na sa an rubuta wannan a karanta a bainar jama'a ranar kasuwa, domin kukan ba nawa ne ni kaɗai ba. In harshena ya yi kaushi a yi mini afuwa, tsufa ne da ɓacin rai.

Na ɗaya. Ranka ya daɗe, ka san ƙasar nan tun ba a kafa turakun iyaka ba. Ina yaro, daga ƙauyenmu zuwa garin kakannina na wajen uwa, can arewa, tafiyar hantsi ce. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ɗora ni a kan jaki, mu bi ta ƙarƙashin gawo, mu sha ruwa a rijiyar Fulani, mu isa kakata ba ta gama dama fura ba. Su kawo mana kanwa, mu kai musu gero. Makoki ɗaya muke zama, biki ɗaya muke ci. An yi yaƙe-yaƙe a zamanin, ban musa ba, amma ko ana tsakiyar gaba ban taɓa jin an tare mace mai goyo an tambaye ta ta wane sarki ce ba. Wallahi ina kewar kwanakin nan. Da Nasara suka kafa turakunsu, ɗaya ya faɗo a gefen gonata. Dariya muka yi, har akuya nake ɗaurewa a jikinsa.

Na biyu. Autana Ilu ya auri Hanne, jikar kawuna, daga garin nan na arewa. Da cikin fari ya tsufa, iyayenta suka zo suka ɗauke ta goyon ciki, kamar yadda kowace mace ke komawa gaban uwarta ta haihu, ta yi wankan jego. Ta sami ɗa namiji. A ƙofar gidana aka yanka rago, aka raɗa wa yaron sunana. Tana cikin wanka sai mutanen kumandan Faransi mai mulkin can suka shigo garin ƙidayar kawuna. Suka iske ta a ɗakin uwarta da jariri a cinya, suka haɗa su cikin mutanen gidan. Da ta gama kwanakinta, Ilu ya tafi da mata su dawo da ita, masu gadin iyaka suka juyo da su. Wai wanda aka ƙidaya a can, in ya ƙetaro, gudu ya yi, kuma ubanta za a kama a madadinta. Yaron yanzu yana rarrafe, ni ban taɓa ɗora ido a kansa ba.

Na uku. Ban zauna ba. Na je gun alƙali, ya ce aure yana nan, ɗa na ubansa ne, amma hukuncinsa ba ya ƙetare turke. Dagaci ya ce in tafi Gumel. A can wani masinja ya ce Bature ya fita rangadi, shi dai abin da ya ji, mutum na ƙasar da aka haife shi ne. Kowa da tasa. Haba, ranka ya daɗe! An yi mana doka, an hana mu jin ta. Da an yi shela, da sai mu kira unguwarzoma Hanne ta haihu a ɗakinta, ko da dangi za su zage mu.

Na huɗu, shi ne mai hana ni sukuni. Ilu ya rantse in ruwan shuka ya sauka matarsa ba ta dawo ba, zai bi ta can ya zauna. Kowa ya san yadda ake ɗiban samari aikin tilas a wancan gefen. Shi kaɗai ya rage mini tun shekarar yunwa. Ga gajimare ya fara haɗuwa a gabas.

Roƙona ke nan. A yi wa Baturen can bayani cewa goyon ciki ba ƙaura ba ne, baƙunta ce. A ba Hanne da ɗanta takardar wucewa, ba tare da an taɓa ubanta ba. A kuma sa sanƙira ya faɗa wa mutane dokar nan da Hausa a kasuwannin Maigatari da Gumel, domin akwai masu ciki da yawa da ke shirin tafiya gida.

In kuwa maganar masinja ce gaskiya, to a sani ni ma ɗan fari ne. A garin nan na arewa aka haife ni, cibiyata tana binne a bayan ɗakin da jikana yake kwance. Sai a ƙidaya ni tare da shi, a tura ni can. Ba zan yi gardama ba, in dai zan ɗauke shi a hannuna kafin a ɗauke ni.

Allah ya taya ka riƙo, ya sa ka gama lafiya, ya nuna maka jikokinka a tsakar gidanka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Barau