Motar Baba ta tashi

Salima, rabin raina,

Motar marigayi Baba ta tashi. Kwana tara ina kwance kafireton injinta ina ɗaurawa, ni da ban taɓa riƙe sifana ba, ashe wani ɗan rami ne ya toshe. Bayan asuba na murza makulli, ta yi tari biyu, ta kama. Na kifa kai a sitiyari ina hawaye.

Na tahi Aliero da albasarmu tun ba ta ruɓe ba.

Ki gafarce ni, a kwanon jerenki mai furanni na jiƙa kayan kafireton a fetur. Yana bayan randa, kada ki zuba abinci ciki.

In kin huce, ki shirya. Da la'asar zan kai ki Maiyama gaida su Inna, kina gidan gaba.

Naki,
Sirajo