Ya Ce "Mun"

Litinin, 6 ga Oktoba

Yau ma Babban, ɗana na fari, da kawunsa sun cika min falo da yaƙin duniya na biyu. Kawun, daga gareji ko hannu bai wanke ba, ya dage man fetur ne ya ƙare wa Jamus: "Tankar yaƙi ba ta tafiya da fatar baki, ɗana." Babban ya ce a'a, sun buɗe yaƙi gaba da baya ne, ga sanyin Rasha. Na ce ku ji min jarumai, ko ɓera ba ku iya kashe min a kicin. Auta na ƙasa tana jera murafen kwalba, ta yi ta dariya don ta ga muna yi. Shekara sha huɗu, hankalin 'yar biyar. Allah Ya raya min ita.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ina tsane kwanuka na ji Babban yana ce wa kawunsa: "Da mun kama rijiyoyin man nan, da mun ci."

Mun. Mu da wa?

Jamusawa fa yake nufi.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na tari kawun a bakin ƙofa. Ya yi dariya. "Haba Yaya, kamar ƙwallo ne. Ni ma ina cewa mun ci, na taɓa buga musu?" Ya ce zaman banza ne, yaron ya gama karatu ba aiki, daga shi sai waya. Wataƙila. Amma da can faɗuwar Jamusawa Babban yake bayani, yanzu gyara musu yake yi. Ya zana taswira a bayan kalandata, kibiyoyi ja ko'ina.

Talata, 14 ga Oktoba

A kantin maganin da nake aiki, da muka samu sarari, na tambayi mai kantin, shi mai karance-karance ne. Me Jamusawan nan suke so in sun ci? Ya lissafa min waɗanda suka kashe, ƙabilu sukutum. Sai ya hau gyara kwalayen da ba su karkace ba. Na matsa. Ya ce har da masu naƙasa, har da masu raunin hankali, yara ma, a asibitoci. Wai cima-zaune ne.

Sau biyu na ba wata mata maganin da ba shi ta tambaya ba. Kullum in na fito aiki, da Babban nake barin Auta.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ban tambayi Babban ba. Tsoro nake ji.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Na tambaya. Yana durƙushe yana ɗaure wa Auta takalmi, kamar yadda yake yi tun tana ƙarama. Na ce, "Da kun ci, ina za ku kai ƙanwarka?"

Na so ya yi fushi. Na so ya ce haba Umma, wace irin magana ce wannan. Da ya fasa kofi ma da na gode Allah.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Umma, ba za ki gane ba. Ƙasar da ke yaƙi dole ta duba wa zai iya ɗaukar kaya." Ya ja igiyar, ya shafa mata kai, ya ce ta tashi ta gwada. Ta tashi tana buga ƙafa tana murna.

Ni na haife shi. Ban san muryar nan ba.

Litinin, 20 ga Oktoba

Na tafi da Auta kanti. Mai kantin ya ba ta kujera a bayan kanta, ta wuni tana jera kwalaye, babu wanda ta dama. Na ce wa Babban don ta sha iska ne, zaman gida ya yi mata yawa, kuma gaskiya ne ai. Ya tsaya a ƙofa da kofin shayinta a hannu, ya ce, "Na riga na haɗa mata fa." Na ce ya shanye, mun makara.

Bai yi mata komai ba. Bai taɓa yi mata komai ba, ko tsawa.

Gobe ma da ita zan tafi.