Naman Wuyanki da Ban Binne Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, na zo ne in amsa laifi. Ɗan naman nan da likitoci suka yanka a wuyanki, wanda kika ce in karɓo a binne, ban binne shi ba.

Kin tuna kakar da kullutun ya fito? Auduga ta yi kyau a Dayi a shekarar. Kina kan tabarma kina tsince ta, kina yi mini tsiya wai ma'aikacin asibiti ya manta hanyar gona. Da na taɓa wuyanki kika buge hannuna, kika ce, "Kaluluwa ce, Sani, kada ka mai da ni abin gwaji."

Da ƙyar kika yarda muka hau motar Funtua, daga nan Zariya. Rake kika yi ta sha a hanya, kina kushe gonakin mutane.

Da yake a ɗakin gwajin asibitin Zariya nake aiki, ni na dasa naman cikin kakin kyandir, na yanka siriri, na ɗora a gilashi. Likitoci biyu suka leƙa madubin ƙara girma, suka saɓa. Ƙaramin ya ce ciwon dajin fararen ƙwayoyin jini ne, yana jin magani. Babban ya ce wani iri ne daban, wahalar banza za ki sha. Na bi babba, na mai da ke gida.

Da kika tambayi naman, na ce yana ƙasa. Kika yi dariya kika ce, "Madalla, kada in tashi gobe ƙiyama da giɓi a wuya."

Shekara takwas ke nan. Bana aka kawo mana wani ruwan gwaji, garkuwar jiki ce da aka sarrafa, ba ta manne wa komai sai alamar da ke jikin fararen ƙwayoyin jini. In dajin nasu ne, sai naman ya rine kamar an sa masa lalle. Na yi sati ina kewaya akwatin da namanki yake ajiye da lambarki, kafin na iya buɗewa na sa masa ruwan.

Inna, ya kama. Ƙaramin likitan ne ya yi daidai.

Na san za ki ce kwana ne ya ƙare, in daina shirme. Na yarda. Amma ni na naɗe tabarmarki a asibiti, ni na riƙo hannunki zuwa mota, kina ta sa mini albarka. Ina kewarki ƙwarai.

Ki yafe mini ƙaryar, ki yafe mini gaggawar. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki, amin.

Ɗanki,
Sani