Manaja a Bayan Keke

Zuwa ga Maman Manaja,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, kuma karatun unguwarzoma yana zama a kanki, ba irin nawa da ya sauka a aji huɗu ba. Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Na zaɓi takarda ne don a waya ba kya bari in kai aya, ita kuwa takarda ba ta katse mutum.

Kafin labari ya iso miki da ƙari, ga gaskiyarsa: ban shuri 'yarki ba. Buhun yashi na shura.

Kin san nisan gidan renon yara daga nan, ga shagona na kafinta can gaba da shi. Na gaji da saɓa ta a kafaɗa, sai na sayo kujerar yara ta bayan keke, mai ɗamara da wurin sa ƙafa, har da 'yar hular kwano. Sai da na tambayi nas a asibiti, ta ce tunda ta shekara, wuyanta ya yi ƙarfi, tana zama da kanta, babu laifi. Duk da haka na ce ba zan fara gwaji da mutum ba. Na cika buhu da yashi daidai nauyinta, na ɗaure a kujerar, kuma don neman suna na sa masa rigarta ja da hular.

Sai na hau keke yadda na saba tun ina yaro, na wurga ƙafa ta baya. Dunduniyata ta sami buhun a kai, hula ta yi sama, keke ya kwanta, ni ma na bi shi kwata.

Maƙwabciyarmu mai ɗinki tana leƙe ta taga. Kafin in fito da ƙafata daga kwata ta riga ta buga wa Mamanki waya. Da na ji, raina ya ɓaci, na tsaya a ƙofarta na kira ta Gidan Rediyo, da ƙarfi, har masu shago suka fito. Sunan ya kama ta, yanzu duk layi da shi ake kiran ta.

Mama ta aiko cewa za ta zo ta tafi da jikarta har ki gama karatu. Ki gaya mata da lafazi mai daɗi, tunda ke kika iya: babu inda Manaja za ta je. Ni na san kukan yunwarta da na rigima, ni na san sai an murza mata kunne take barci. Ba zan koma gida in tarar da shiru biyu a ɗaki ba, naki ya ishe ni.

Ki gaida abokan karatu.

Mijinki,
Direban Manaja

Zuwa ga Maman Manaja,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Saƙonki ya iso, kuma na ƙirga, rabinsa dariya ce, rabinsa faɗa. Na karɓi faɗan, dariyar kuma zan rama.

Buhun nan ya zama malamina. Ya koya mini cewa ba a barin kujera da kaya a jingine keke a kan sandarsa a juya baya, ko na ɗauko makulli ne. Iska kaɗan ta isa. Ya koya mini kama birki tun da nisa, da gewaye rami maimakon yi masa jarumta. Na bar babban titi, na samo hanya ta bayan makaranta, ta fi tsawo amma babu manyan motoci. Abu ɗaya ya gagara: hawa. Ta baya akwai kan Manaja, ta gaba akwai ƙarfen nan na keken maza. Na gwada ɗaga ƙafa ta kansa, wandona ya yage daga gaba har baya, a gaban masu jiran mota.

Mai gyaran keke ya dube ni ya ce maganin abin keken mata ne, marar ƙarfe a tsakiya. Kin san keken mata guda nawa ne a layinmu? Ɗaya. Kin san na wace ce.

Na yi zarya a ƙofar mai ɗinkin kamar mai neman akuyarsa da ta ɓace. Daga ƙarshe ita ta fito, tana turo keken, kore mai kwando da furen roba. Ashe ta ga yagewar wandon ma. Ta ce ba don ni ba, don yarinyar. Ta karɓi nawa ta jingine a zaure, sannan ta kafa sharaɗi: inda na tsaya na raɗa mata suna, nan zan tsaya in ba ta haƙuri, da muryar da na yi amfani da ita ranar, ba ƙasa da haka ba. Na ce za mu yi magana.

Abokaina na bakin shago kuwa sun sami abin yi. Ina wucewa suke tambaya ko in sayo musu zare, wani ya ce saura gyale. Na buga musu ƙararrawa na wuce. Su yi ta yi. Wanda ya taɓa canza wa ɗansa ƙunzugu a cikinsu ya ɗaga hannu.

Mama tana nan tafe. Ki yi mana addu'a.

Naki har kullum,
Direban Manaja

Zuwa ga Maman Manaja,

Ina gaishe ki, ina fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Mama ta zo, da jaka babu komai a ciki, don ta zuba kayan jikarta.

Na durƙusa na gaishe ta, na kawo ruwa. Ta ce in haɗa kayan. Kin san ban taɓa musa mata ba, ko ido ban cika ɗagawa a gabanta ba. Ranar ma ban ɗaga ba, ƙasa nake kallo, na ce: “Mama, ki gafarce ni, yarinyar nan a gidan ubanta za ta kwana. Ki zo ki ga yadda muke tafiya, in kin ga aibu ki faɗa in gyara.”

Har na fara tunanin inda zan ɓuya. Sannan ta miƙe.

A waje na tokare keken da jikina, na zaunar da Manaja, na ɗaure ɗamara, na sa ƙafafunta a mazauninsu nesa da wayoyin taya, na sa hula. Mama ta ja kowace igiya kamar mai sayen saniya. Ta cusa yatsa ƙarƙashin haɓarta. Na zura ƙafa ta gaba kamar wata malamar makaranta, muka tafi a hankali har ƙarshen layi muka dawo. Manaja tana dukan bayana tana ba da umarni.

Kuma ta sami aibun. Ƙarƙashin sirdina akwai waya mai lanƙwasa da ke matsewa in na zauna, daidai inda yatsun Manaja suke wasa. Buhu ba shi da yatsu, bai gaya mini ba. Mama ta ciro hankicinta ta naɗe wurin tam, ta ƙulle. Ta ce in sa fata a kai kafin gobe, in ba haka ba za ta dawo. Na sa tun kafin ta kai tasha. Jakarta yadda ta zo haka ta koma.

Saura sharaɗin mai ɗinki. Kullum in na fito tana bakin taga, sai ta gyara murya. Masu shago sun ji labari, har benci suka ce za su fito da shi. Gobe da safe zan biya, a kan kekenta, furen roba da komai, Manaja a bayana da hularta. Zan ɗaga murya yadda aka ce. In kin ji wata ƙara daga nesa kina cikin aji, kada ki tsorata, mijinki ne yake ba da haƙuri.

Manaja ta dangwala miki hannu a ƙasan takardar nan, man keke ne, ba ciwo ba.

Mijinki,
Direban Manaja