Abin da Na Tsinta a Gefen Titi

Zuwa ga Yaya Kaisu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ki lafiya, ke da maigidanki da yara, ya kuma sassauta muku sanyin Kanada da kike ta yi mana ƙorafinsa kamar ba a nan aka haife ki ba. Mu nan kowa lafiya. Gwiwar Mama ta yi sauƙi, har ta koma zuwa coci da ƙafa. Tafki ya daskare tun farkon wata, Baba kuwa kin san shi, kullum yana can zaune da ƙugiya bakin ramin da ya huda a ƙanƙarar tafkin, ya dawo da kifi biyu da labari goma.

Sau uku kina tambayata a waya me ya sami muryata, ina ce miki mura ce. Ba mura ba ce, Yaya. Na ɗauki biro ne domin in na ji muryarki ba zan iya faɗa ba.

Abin ya faru ne wata Laraba a ƙarshen Nuwamba. Kin san motar da ke ba da aron littattafai sau ɗaya take zuwa a sati biyu, ta tsaya gaban kanti da ƙarfe huɗu, minti ashirin ta wuce. Na sa an ajiye mini kashi na ƙarshe na wani labari, kwana goma sha huɗu ina jiran in ji ko yarinyar za ta hau jirgin ko za ta zauna. Maigidana Santeri ya dawo daga dakon katako a gajiye, ƙaramar motarmu kuma ta wuni a waje, ya manta bai jona mata wutar da ke ɗumama ta ba, gilashin ya yi ƙanƙara kamar an shafe shi da siminti. Ya fara kankarewa, ni ina zaune a ciki ina ƙwanƙwasa masa gilashi ina nuna agogo. Ya yi dariya ya ce shi ya auri mace mai maza arba'in, duk na takarda, kuma kowannensu ya fi shi daraja. Sai ya kankare wuri kamar faɗin faranti daidai idonsa, ya shigo ya ce saura zafin mota zai narkar a hanya.

Ba mu yi gudu ba, wannan kam zan iya rantsewa. Amma duhu ya riga ya rufe, kin san yadda rana take faɗuwa da wuri a nan lokacin sanyi, kuma a kwanar da akwatunan wasiƙa suke muka ji ƙara a gefen dama. Inna Raili ce muka buge, wadda ta yi mana girki a firamare. Na durƙusa na rufe ta da rigata, Santeri yana kiran motar asibiti. A nan gwiwata ta taka wani abu cikin dusar ƙanƙara. Abin ƙyallinta ne, irin wanda muke ratayawa a aljihu don fitilar mota ta hasko mu, zaren ya tsinke. Na sa shi a aljihun wandona don kada ya ɓace. Wallahi a lokacin iyakar abin da na yi nufi ke nan.

Minti arba'in muka yi kafin su iso, motar tana kunne saboda fitila, ƙanƙarar gilashin ta narke tas. Ilkka ne ya zo, ɗan sandan da ya koya mana tsallaka titi muna yara, yanzu gemunsa ya yi fari. Santeri ya ce masa bai gan ta ba sam, rigarta baƙa ce, bai kuma ga wani ƙyalli ba. Bai yi maganar gilashi ba. Ilkka ya duba rigar da tocila bai ga komai ba, ya juyo ya tambaye ni ko na ga wani abu. Na ce kaina yana ƙasa. Ya dafa kafaɗata ya ce in je gida in sha abu mai zafi.

Bayan sati biyu Ilkka ya kira taro a zauren coci, irin wanda yake yi duk shekara, da kofi da burodin kirfa. Ya zo da kwali cike da abin ƙyalli yana rabawa yana barkwanci, har ya ce wa tsoho Pentti sanƙonsa yana sheƙi amma bai kai a hango shi daga mita ɗari ba, ya karɓi biyu. Aka yi dariya. Daga nan ya ce, ba tare da ya kama suna ba, ko wanda ya fi kowa kula yakan manta abin ƙyallinsa rana ɗaya, kuma rana ɗayan ta isa. Kowa ya shiga satar kallon Anneli, 'yar Inna Raili, ita kuma ta zuba wa kofinta ido. Da ya koma kan direbobin da ke leƙen hanya ta ɗan rami kamar masu leƙen maƙwabta ta kafar makulli, Santeri ya miƙe ya fita wai zai duba mota.

Na je asibiti na gan ta. Ƙugunta ya karye, ta kuma bugu a kai, ba ta tuna komai na ranar. Ta riƙe hannuna ta ce in gaya wa yaron nan kada ya sa abin a ransa, laifinta ne. Ta ce shekara talatin tana tsayawa a ƙofar makaranta da ludayi a hannu tana duba rigar kowane yaro kafin ya fita, shi kansa Santeri ta sha maƙala masa nata, ga shi yau ita ce ta fita babu. Ta yi murmushi ta ce ashe tukunyar ta fara yoyo, tana nuna kanta. A bakin ƙofa Anneli ta gaya mini sun yanke shawara Inna Raili ba za ta koma gidanta ba. Ta ce in har mahaifiyarta ta manta wannan, to gobe murhu za ta manta a kunne. An samo mata ɗaki a gidan tsofaffi a birni, ƙarshen watan nan za a sa hannu, gidan kuma a sa shi a kasuwa. Kin san gidan, mai jan fenti, wanda mijinta ya gina.

Ran Lahadin da ta wuce da safe na ajiye abin ƙyallin a kan tebur gaban Santeri. Bai san yana wurina ba. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce in aka karɓe masa lasin, aikin katako ya ƙare, kuma ba wani aiki a nan sai shi. Ya ce ko an faɗa ƙugun ba zai gyaru ba. Ya ƙara da cewa a littattafaina ne mutum yake faɗin gaskiya a rungume shi a shafin ƙarshe, nan kuwa kotu ake zuwa. Sannan ya tambaye ni wa ke ƙwanƙwasa gilashi ranar. Ban musa ba, ni ce. Kada ki ɗauke shi mugu, Yaya. Tun ranar hatsarin shi ke share wa Inna Raili dusar ƙofar gida kowace safiya, gidan da ba kowa a ciki, ya kuma rame har wandonsa na zamewa. Tun Litinin yana wurin wansa. Ya ce zai yi tunani, ban sani ba ko zai dawo.

Littafin da na yi wa wannan gaggawa na karɓo shi daga baya, na mayar ban buɗe ba. Ni da nake karanta labarin matan da suka yi ƙarya don soyayya ina kuka ina ba su gaskiya, ban taɓa tambayar kaina a kan wa ƙaryar take faɗawa ba.

Ki gaishe mini da maigidanki Yaya Olavi, ki sumbaci yara, Saima da Eelis, ki ce wa Saima safar da na yi mata alkawari tana nan tafe, saura diddige. In kin je wurin Gwaggo Terttu ki miƙa mata gaisuwata. Don Allah kada ki gaya wa Mama tukuna, na fi so ta ji daga bakina.

Ranar Alhamis Ilkka yakan zauna a ɗakin shan kofi na kanti daga goma zuwa sha biyu, don mai magana ya same shi. Na aika wa Santeri saƙo cewa zan jira shi a ƙofa har goma da rabi. Ko ya zo ko bai zo ba, zan shiga in faɗa wa Ilkka komai, da gilashin, da abin da na tsinta, da ƙwanƙwasawar da na yi.

Ƙanwarki mai kewarki,
Vilja