Na Yanke Hannun Ɗan Roba, Surukina Ya Kwanta Asibiti

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara kafin ƙarshen makon nan, aurena ne ke rawa. Idan kika ji abin da ya jawo haka wataƙila ki yi dariya. Ni kam dariya ta ƙare mini.

Tun ina yaro nake tara wasu 'yan mutane na roba, tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba. Da can tare da jirgin ƙasa na wasa ake sayar da su: direba, mai duba tikiti, 'yan dako, fasinjoji da akwatunansu. Kamfanin ya daɗe da daina yin su, sai dai a tsinta wurin masu gwanjo, ko a yi musanye ta intanet da masu irin cutar tawa. Akwai ɗan ɗaki kusa da kicin da na mayar wurin aikina. Da na taso daga ofis nan nake shigewa, in gina musu tituna da shaguna da kwali da gam, in yi ciyawa da soso, in yi ta shafa wa bango fenti har ya yi kamar ya sha ruwan sama. Matata Sarkin Roba take kirana. Ba ta shiga ɗakin, don a farkon aurenmu garin shara ta karya mini wata gada, na yi ta faɗa, daga nan na sa wa ƙofar kwaɗo.

Surukina, wanda muke kira Baba, tsohon shugaban tashar jirgin ƙasa ne. An rushe tashar tuntuni, amma duk hirar da za a yi da shi sai ta biya ta can. Sai na ƙudura in gina masa ita a ɓoye, in kai masa kyauta. Na gama ginin da agogonsa, na shimfiɗa layin dogo, har bencin da yake cewa ƙafarsa ɗaya gajeriya ce na yi. Ya rage saura shi kansa.

A harkar nan, in kana son ɗan roba ya yi kama da wani, sai ka yi masa aiki. Ka tsoma shi a ruwan zafi ya yi laushi, ka cire kai ka sa wani, ka huda tafin ƙafa ka zura siririyar wayar ƙarfe don ya tsaya. Haka na yi. Na zaro hoton Baba daga cikin hotunan bikinmu na jingina a gabana, na zana tabarau da furfura da tabon goshinsa. Na sa reza na yanke hannun dama, don in mayar da shi a ɗage yana riƙe da tuta. Fenti kuma ya ƙi ba ni launin rigar aikinsa, sai wata rana da muka je gaisuwa na gan ta a rataye, na yanko ɗan ƙyalle daga cikin kalmasa, bai fi farce ba, don in daidaita launin da shi. Ban tambayi kowa ba, don tambaya za ta tona asirin kyautar.

Kafin in manna hannun, Baba ya yanke jiki ya faɗi. Likitoci suka ce hawan jini ne ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ɓarin dama, Anti.

Gidanmu ya fi kusa da asibiti, don haka surukata, Mama, take zuwa ta yi wanka ta ɗan huta. Rannan cikin sauri na fita ban kulle ɗakin ba, ita kuma ta shiga neman dutsen guga. Ta tarar da mijinta a kwance a kan tebur, waya a ƙafafunsa, hannunsa na dama a gefe kusa da reza, ga hotonsa, ga ƙyallen rigar da ta sha wankewa da hannunta. Ba ta yi ihu ba. Ta ƙulle komai a hankici ta kai wa babban wan matata, wanda muke kira Yaya.

Yaya bai bar ni na kai ƙarshen bayani ba. Ya ce kada ƙafata ta sake taka asibitin. Ya ce ranar Asabar za su zo, in fito da duk abin da ke ɗakin a ƙona a gabansu, in ba haka ba ƙanwarsa ba za ta dawo gidana ba. Matata tana can wurin jinya. In na kira takan ɗauka, amma amsarta ba ta wuce to da a'a. Sau ɗaya ta ce ita ba ta yarda na yi wa mahaifinta asiri ba, sai dai maganar ƙyallen ce ta rasa abin da za ta ce wa Mama. Wannan ya fi zagin Yaya ciwo.

Rana zafi, inuwa ƙuna. In na ƙona, kamar na amsa laifin da ban yi ba, kuma akwai waɗanda ko duniya zan zagaya ba zan sake samun irinsu ba. In na ƙi, in rasa matata. Har na fara tunanin in faki idon Yaya in ɗauki tashar in kai gaban gadon Baba, na san yana gani zai gane ta, ya wanke ni. Me zan yi?

Mai Ƙaramar Tasha

Amsa

Ɗan'uwa, ban yi dariya ba. Rezarka ba ita ta kwantar da Baba ba, likitoci sun faɗi abin da ya same shi, kuma niyyarka kyakkyawa ce. Amma ka tsaya a inda Mama ta tsaya, ka kalli teburin nan da idon matar da mijinta ke kwance. Ko ni ce sai gabana ya faɗi. Shi ma Yaya tsoro ne ke masa magana, kada ka ɗauke shi maƙiyi.

Ƙyallen nan laifinka ne, ba ruwan kowa. Ka yanki kayan mutum a gidansa ba da izini ba. Ka nemi afuwar Mama a kan wannan, kuma kada ka biyo da kalmar amma. Kwaɗon ma laifinka ne. Da matarka ta saba ganin kana cire wa 'yan robarka kai da hannu, da ita ce za ta fara kare ka, sai ga shi ka kulle shaidarka a waje saboda gadar kwali.

Asibiti kuwa, kul. Marar lafiya ba alƙali ba ne, kuma in wani abu ya same shi bayan ka shiga a sace, garin neman gira ka rasa ido.

Ban ce ka ƙona ba, domin wuta ba ta cinye zargi. Ka cire kwaɗon yau. Ka nemi wani babba da Yaya ke jin nauyinsa, ya roƙa maka su ga ɗakin kafin a ƙyasta ashana. Ka nuna musu tashar, Mama ta san bencin nan fiye da kai. Ka ɗauki wani ɗan roba daban ka yi masa aikin a gabansu, gani ya kori ji. Wanda Mama ta ɗauka ka bar musu shi, kada ma ka tambaya. In hankalinsu bai kwanta ba, ka ce za ka kwashe kayan ka kai ajiya gidan aboki har ƙura ta lafa. In kuma duk an yi haka aka ce sai ɗaya, ka sani roba ba ta jinyar mutum ranar da ya kwanta.

Sai abin da ya fi damuna. Na karanta wasiƙarka na sake karantawa. Na san launin rigar Baba ya ba ka wahala, na san yadda ake zura waya, amma ban san yadda jikinsa yake ba. Yana magana? Yana iya cin abinci? Ba ka faɗa ba, kuma ina tsoron ba ka tambaya ba. Matarka tana zaune a bakin gadon mahaifinta, duk kiran da ka yi mata kanka kake wankewa. Ka kira ta yau, kada ka ambaci ɗakin ko Asabar. Ka tambaye ta jikin Baba, ka tambaye ta ko ita ta samu ta runtsa, sannan ka yi shiru ka saurare ta.

Allah ya tashi kafaɗar Baba, ya sanyaya zukata, ya dawo maka da iyalinka lafiya.