Gwaggo a Bakin Ƙofa, Kawu a Bakin Rami

Anti Seini, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure kuma jikina ya mutu. Saura kwana goma sha biyu mu yi bikin buɗe sabon gidanmu, amma yadda nake ji yanzu, da za a ce an fasa, da na kwanta na yi barcin kwana biyu ban motsa ba. Kada ki sa sunana, ko da yake na san a Robinvale ɓoye suna wahalar banza ce, duk ɗan Tonga da ke garin nan zai gane ni kafin ya kai layi na uku.

Shekara goma sha takwas muna haya, gida bakwai muka zauna. Ni ina aiki a rumfar da ake jera inabi a kwali, a tsaye tun safe har yamma. Mijina Warren Bature ne, ɗan nan garin, direban babbar mota. Yaranmu uku. Gidan da muka samu ba wani na a zo a gani ba ne, ɗaki uku da ɗan fili a baya, amma namu ne. Ba wanda zai ƙara zuwa duk bayan wata uku yana leƙa bango ya ga ko yara sun yi zane. Na ɗauka ranar da na karɓi makulli zan huta. Ashe ranar gajiyar ta fara.

Sai na ba ki labarin Kawu Lopeti kafin ki fahimce ni. Ƙanin mahaifiyata ne. Ina shekara tara ta rasu a Vava'u, can gida Tonga, mahaifina kuma ya riga ya tafi Auckland ya yi wani iyalin, can ya mutu ban san shi sosai ba. Kawu yana nan yana tsinkar inabi, ko mata ba shi da ita, ya aika aka kawo ni. A ɗakin ma'aikata na bakin gona ya rene ni. Shi ya koyi kitso saboda ni, mummunan kitso har yara suna yi mini dariya a makaranta, amma kullum da safe sai ya yi. Yanzu shekararsa saba'in da ɗaya, sau uku a mako ake kai shi asibitin Mildura wankin ƙoda, likita kuma ya daina yi mana maganar shekaru, sai watanni. A haka, duk ranar da ba ta asibiti ba, yana gidan nan a durƙushe. Tayil ɗin kicin shi ya shimfiɗa. Gwazar da ke filin baya shi ya dasa. Na hana shi har na gaji.

Ba sai na koya miki al'ada ba, Anti. Gwaggo, 'yar'uwar uba, ita ce fahu, ita ce sama da kowa a duk wani sha'ani nawa. Ita za ta yanka ƙyallen ƙofa, ta fara shiga, ta zauna a gaba kan shimfiɗa, a ajiye mata tabarmar da ta fi kowace kyau. Kawu kuwa, ɗan'uwan uwa, wurinsa filin baya: ya haƙa umu, ramin gasa abinci, ya ƙona duwatsu, ya jera doya da nama ya rufe, ya sha hayaƙi, ya ci abin da ya rage a tsaye. Na san haka tun ina yarinya, ban taɓa jin ya dame ni ba sai bana. Gwaggona Melenaite tana Auckland, sau huɗu na gan ta a rayuwata. Ba ta taɓa yi mini mugunta ba, amma ko sunan ƙaramar 'yata ba ta riƙe ba.

To, Lahadin waccan bayan an gama sujada, fasto ya ba ni dama in gayyaci jama'a. Na miƙe, na faɗi rana da lokaci, sai na hango Kawu a kujerar baya ya jingina kansa da bango, ya rame, tabarmar da muke ɗaurawa a ƙugu don girmamawa ta yi masa yawa. Ban shirya ba, ban yi shawara da kowa ba, kawai na ji bakina yana cewa Kawu Lopeti ne zai yanka ƙyalle, shi zai fara taka gidan, shi zai zauna a gaba. Na zaci za a tafa. Cocin ya yi tsit, har ƙarar fanka nake ji. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Ikon Allah, 'ya'yan ƙasar waje!" Kawu ya tashi a hankali ya fita.

Na bi shi gidansa. Ko kallona bai yi ba, yana ta goge takalmin da ba shi da datti. Ya ce, "Ke yanzu so kike a ce Lopeti ya tsufa har ya manta wurin zamansa? Me na yi miki da za ki tsayar da ni a gaban mutane kamar ɓarawon kaza? Ni wurina bakin rami ne. In ba ki son in haƙa, ki faɗa mini, in yi zamana." Washegari ya aiko mini da makullin gidanmu da na ba shi a cikin ambulan. Yau kwana tara bai taka gidan ba, gwazarsa ni nake ba ta ruwa.

Tun ranar Lahadin, kafin yamma labari ya haye teku. Gwaggo ta bugo, muryarta sanyi ƙalau, ta ce, "'Yata, na ji an ce kin samu sabuwar gwaggo mai gemu. To, madalla. Ki gaya mini in mayar da tikiti, ƙafafuna ma dama ba son jirgi suke ba." Sai ta kashe wayar.

Warren kuwa, Allah ya bar mini shi, bai ga abin tashin hankali ba. Cewa yake, "Masoyiya, gidanki ne fa. Ki sayo almakashi biyu su yanka tare. Ko kuma a bar ƙyallen nan, mu gasa nama, kowa ya zo da kujerarsa." Na ce ya yi mini shiru, sai ya tafi yanke ciyawar da ya yanke shekaranjiya.

Ga shi mutum ɗari biyu za su zo. An yi odar doya daga Melbourne, an yi maganar aladu uku, matan coci sun rabu biyu a kan wa zai naɗe ganyen gwaza da madarar kwakwa. 'Yan'uwa daga Sydney sun ce a falo za su kwana, falon da ni kaina ban taɓa miƙe ƙafa a cikinsa ba. In na taso aiki sai in zauna a mota a ƙofar gida, in kasa fita. Gidan da na yi shekara sha takwas ina roƙon Allah, yanzu ko kallonsa ba na son yi.

Ni ba rigima nake nema da al'ada ba, Anti. Tsoro nake ji. Wannan ne taro na ƙarshe da Kawu zai gani nawa, na sani, shi ma ya sani. Ba zan iya jure in gan shi cikin hayaƙi ba, alhali wadda ba ta san ciwon kaina ba tana zaune kan tabarma a falon da ya durƙusa ya gyara. In na janye maganata, na ci amanarsa. In na dage, ba zai zo ba. Ta ina zan ɓullo?

Gajiyayya, Robinvale

Gajiyayya, 'yata, sannu. Kafin komai, ki fito daga motar nan ki shiga ciki ki ci abinci. Rabin abin da ke damunki rashin barci ne, ɗaya rabin kuma shi za mu duba yanzu.

Kin yi kuskure, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba a son kawunki kika yi shi ba, wannan kam ko maƙiyinki ba zai ce ba ki kyauta ba. Kuskuren shi ne kin auna girma da mudun mutanen mijinki, inda wanda ya fi wahala shi ake kira gaba a tafa masa. Kawunki ba a nan aka yi masa tarbiyya ba. Kin taɓa tambayar kanki dalilin da ya sa ɗan'uwan uwa yake tsayawa a bakin rami? Ba don an raina shi ba ne. A wurinmu 'yar'uwa tana sama da ɗan'uwanta, 'ya'yanta ma haka. In ya tsaya cikin hayaƙi ranar bikinki, gaya wa duniya yake cewa 'yar yayarsa mai daraja ce, tana da masu tsaya mata. Mahaifiyarki ta rasu, ba abin da zai iya yi mata kuma sai wannan. Mutumin da ya san kwanakinsa sun kusa ƙarewa, ya sa rai zai haƙa wa yayarsa rami na ƙarshe, sai kika miƙe a coci kika ƙwace masa shebur. Shi ya sa ya mayar da makulli.

Gwaggonki kuma kada ki yi saurin yanke mata hukunci. Gaskiya ne ba ta rene ki ba, kuma ba zan wanke dangin mahaifinki ba, sun yi sake da ke kina ƙarama. Amma ni ma fahu ce a wurin 'ya'yan ƙannena, na san abin da ba a gani daga waje. Tsohuwa ba ta sayen tikiti ta hau jirgi da ciwon ƙafa don kwaɗayin tabarma. Za ta zo ta zauna a gaban mutum ɗari biyu ta nuna cewa ke jininsu ce. An makara, amma an zo. Kin lura kuma ba zagin ki ta yi ba, tsokana ta yi ta bar miki ƙofa a buɗe.

Ga abin da za ki yi. Gobe, ba jibi ba, ki ɗaura tabarma a ƙugu kamar mai zuwa wurin manya, ki je wurin kawunki, ki zauna a ƙasa. Kada ki yi masa dogon bayani, kada ki kawo maganar likita. Ki ce kin yi wauta, kuma ba ki da mai haƙa miki umu. Za ki ga yadda zai fara faɗa a kan irin duwatsun da za a nemo, wannan faɗan shi ne yafiyarsa. Ranar biki a kafa masa rumfa a bakin ramin, a ajiye kujera mai kyau ta inda iska ba ta kai hayaƙi, Warren da abokansa su yi haƙa da ɗauka, shi ya riƙa ba da umarni da sanda. Mijinki aiki yake nema tun da yake yanke ciyawa sau biyu, ki ba shi.

Daga nan ki kira gwaggonki da bakinki, ba saƙon waya ba. Ki ba ta haƙuri ba tare da "amma" ba. In ta sauko, ki ba ta labarin kitson nan, da tayil, da Mildura, domin ina kyautata zaton ba wanda ya taɓa gaya mata. Kin san duk abin da aka ajiye a gaban fahu nata ne, ta ba wanda ta ga dama, ba mai cewa don me. Abin da ya zama abin kunya daga bakinki, in daga hannunta ya fito, girma ne da garin nan zai daɗe yana faɗi. Amma kada ki roƙe ta, kada ki shirya mata. Ki faɗa mata gaskiya ki yi shiru. In ta aika masa da tabarmar zuwa bakin rami, madalla. In ba ta yi ba, kada ki riƙe ta a zuci, ta yi nata aikin.

Sauran hayaniyar ki rage ta. Ki ba matar fasto rigimar ganyen gwaza, ta fi ki iya su. Mutanen Sydney a shimfiɗa musu a zauren coci, ba wanda ya taɓa mutuwa don ya kwana a can. Alade biyu sun isa.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi duk sauran. Yanka ƙyalle minti ɗaya ne, 'yata, da yamma za a share shi tare da ɓawon kankana. Watannin da suka rage wa kawunki su ne abin da kike tsoron rasawa, kuma ba a falo ranar biki za ki same su ba. Kin ce ɗaki uku ne. Ki haɗa yara, ki gyara masa ɗakin da ya fi kusa da filin baya, wanda tagarsa ke kallon gwaza. Kada ki ce masa don ki yi jinyarsa ne, ba zai yarda ba. Ki ce gwazar nan mutuwa take a hannunki, kuma na tabbata ba ƙarya kika yi ba.

Ki bar gwaggonki ta buɗe ƙofar gaba, haƙƙinta ne, kuma ranar Litinin za ta hau jirgi. Makullin nan da ya dawo miki a ambulan, ki ajiye shi, ki yanko masa na ƙofar baya. Ta nan mai haƙa rami yake shiga, ba mai ganin ya hau wurin da ba nasa ba, kuma wanda ya shiga ta nan ba a raka shi idan baƙi sun watse.

Allah ya sa gidan ya zama na hutu, ya ba kawunki sauƙi, ya nuna miki safiyar da za ki tashi ki ji yana faɗa a filin baya wai kin cika wa gwaza ruwa.

Taki,
Anti Seini